Tsayin Mota, Girman Taya da Mas'alar Awo a Ƙasar Adar

Daga cikin mas'alolin da malaman ɗabi'a suka daɗe suna jujjuyawa akwai ta tsakaitawa, wato tsayawa tsakanin wuce gona da iri da gazawa. Yarda da cewa tsakaitawa abar yabo ce ba ta da wuya, domin kusan babu mai musunta wannan, wuyar tana wajen gano inda tsakiyar take. Idan tsakiya wuri ne tabbatacce da ake samu ta hanyar raba tazara gida biyu, to duk mai igiya zai iya auna ta, kuma awon da ya yi wa mutum ɗaya daidai zai yi wa kowa; idan kuwa tana sauyawa da sauyin mutum da wuri da lokaci, sai a ji tsoron kada kowane mai ƙetare iyaka ya raɗa wa ƙetarewarsa suna tsakaitawa. Ana iya bin wannan tambaya cikin littattafai kaɗai, amma ta fi fitowa fili idan aka ɗora ta a kan abin da ake taɓawa da hannu, wanda kuskure a cikinsa ba ya ɓuya, kuma daidaita tsayin motar daji da girman tayarta, irin wanda ake yi a garejojin Madawa da Buza da Kaita, yana cikin irin waɗannan abubuwa.

Allakaye ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Buza ta jihar Tawa, cikin yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya, kuma sunan yankin ya riga ya faɗi halinsa. Tudu ne mai faɗi na dutse da marmara, wanda ruwan shekaru aru-aru ya tsattsaga ya bar kwaruruka, irin su kwarin Kaita da na Majiya da na Tarka da ya bi ta wajen Madawa. Wanda ya taso daga ƙauyen kan tudu ya nufi kasuwar cikin kwari yakan ratsa ƙasa iri uku kafin ya isa, wato faƙo mai tsakuwa da gargada, da gangara mai duwatsu masu kaifi, da gadon korama mai yashi wanda da rani yake haɗiye ƙafar mota, da damina kuma, tsakanin Yuni da Satumba, yakan cika cikin ɗan lokaci ya janye ya bar gaɓa a tsaye kamar an datse ta da wuƙa. Aikin raya karkara na Kaita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da noma da abinci, ya gina madatsu, ya jera duwatsu a gangara don tare ruwa, ya kuma buɗe hanyoyin burji tsakanin ƙauyuka. Sai dai burji dukiya ce mai neman gyara bayan kowace damina, kuma inda gyara ya yi jinkiri manyan motoci kan tona ramuka biyu masu tafiya tare, su bar doro a tsakiya wanda yake jiran cikin ƙaramar mota.

Motocin da suka iya da wannan ƙasa sanannu ne: Toyota Hilux, da Land Cruiser ƙirar 70 wadda aka fara fitarwa a 1984, da sauran masu ja da ƙafa huɗu waɗanda mutanen Nijar ke kira kat-kat. Akori-kura guda ita ce ke kwashe buhunan albasa da hatsi da wake ranar kasuwa, ita ce ke ɗaukar akuya da mai akuya, ita ce kuma ke dawo da 'yan ci-rani da kayansu idan damina ta kusa. Mai irin wannan mota bai ɗaga ta don ado ba. Yana gudun kada cikinta ya daki doron hanya, kada kuma sifirin ya kwanta a ƙarƙashin kayan da suka wuce abin da masu ƙera ta suka ƙiyasta.

Ɗaga mota iri biyu ne, ko da yake ido yakan haɗa su wuri guda. Na farko ana yin sa ne ta sifirin, wato damin fallayen ƙarfe masu lanƙwasa da ke tsakanin gangar jikin mota da ƙafafunta, wanda bakanikan Nijar, masu aron kalma daga Faransanci, ke kira lam. Ana kwance damin a cusa falle ɗaya ko biyu, ko a kai wa maƙeri ya ƙara masa lanƙwasa, sannan a nemo dogayen kusoshin ɗauri a mayar, sai a ga mota ta miƙe. Na biyu kuwa ta taya ne, a cire ƙarama a sa babba. Abin da ya raba su yana ƙarƙashin mota, inda mai kallo daga gefe ba ya gani. Ƙafafun baya suna haɗe ne da aksul, wato sandar ƙarfe mai rami da ta ratsa daga wannan ƙafa zuwa waccan, kuma a tsakiyarta akwai ƙulli mai siffar tulu inda haƙoran da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun biyu suke zaune. Wannan tulu shi ne mafi kusa da ƙasa a irin wannan mota, kuma tun da aksul a kan taya yake zaune, sifirin kuma a kan aksul, duk yadda aka ƙara fallaye tulun yana nan inda yake. Jikin mota na iya tashi da santimita biyar ko goma, dutsen da ya saba dukan tulun bai fasa dukansa ba. A Land Cruiser ƙirar 70 haka lamarin yake gaba da baya. A Hilux na baya-bayan nan ƙafafun gaba kowace tana da hannunta, don haka ɗagawa tana tayar da cikin motar ta gaba, amma tana karkatar da sandunan da ke juya ƙafafun fiye da yadda aka tsara musu, sai robarsu ta riƙa yagewa yashi ya shiga.

Taya ce kaɗai ke ɗaga tulun, kuma ita ma rabin abin da aka ƙara take bayarwa. Lambobin da ke rubuce a gefenta suna bayyana wannan ga wanda ya iya karanta su. Taya mai lamba 265/75R16 faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 75 cikin 100 na wannan faɗi, ƙarfen da take sanye a kai kuma inci 16, abin da ya sa tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kai wajen milimita 804. Idan aka musanya ta da 285/75R16 tsayin ya zama wajen 834, an samu ƙarin 30 ke nan, amma da yake aksul a tsakiyar taya yake, 15 ne kawai suka shiga tsakaninsa da ƙasa, kimanin kaurin yatsa guda. Wanda ya kai har 315/75R16, mai tsayin wajen 879, ya samu wajen yatsu biyu da rabi. To amma babbar taya tana bukatar wurin da za ta yi motsi sama da ƙasa, ta juya dama da hagu, kuma wannan wuri ɗaga sifirin ne ke samar da shi, kamar yadda shi ne ke hana hancin mota da wutsiyarta da tsakiyar cikinta gogar gaɓa lokacin fita daga korama. Saboda haka ɗayansu ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba, kuma kowannensu yana iyakance ɗan'uwansa.

Kowane ƙari kuma yana da kuɗin da ake biya a wani wuri. Akwai wani matsayi a jikin mota da masana ke kira cibiyar nauyi, wato wurin da za a ce nauyin mota da kayanta duka a nan ya taru, kuma juriyarta ga kifewa ana ƙiyasta ta ne da raba tazarar da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu da ninki biyu na tsayin wannan cibiya, lissafin da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fara auna motoci da shi a 2001. A ƙaddara, don misali, tazarar ƙafafu mita 1.5 ce, cibiya kuma tana santimita 75 daga ƙasa. A lissafi irin wannan mota sai ta karkata digiri 45 kafin ta faɗi. Idan cibiyar ta hau zuwa santimita 85, iyakar ta sauko zuwa wajen digiri 41, idan kuma aka jibga buhuna har sama da kan direba, fasinjoji suka zauna a kan buhunan, cibiyar ta kai mita guda, iyakar ta koma wajen digiri 37, kuma a zahiri ba ta kai haka ba, domin sifirin yana lotsawa, kaya suna zamewa, ƙafa guda tana iya faɗawa rami a daidai lokacin da ɗayar ta hau dutse. Babbar taya ita ma tana karɓar nata rabon. Tsawonta yana rage ƙarfin da ke isa ƙasa, kamar yadda dogon bakin magirbi ke gajiyar da hannu, sai motar da ta saba hawa tudu da giya ta biyu ta koma neman ta ɗaya, kuloci ya riƙa ƙauri, mai ya riƙa zurarewa, birki kuma, wanda aka yi don tsayar da ƙaramar ƙafa, ya bukaci doguwar tazara. A nan ne karin maganar da ke cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza yake samun gurbinsa.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci a kan motar da ke tsaye a fili babu kaya, domin a wannan hali kusan kowace taya takan yi kamar ta dace. Yakan sa a hau da ƙafar gaba ɗaya kan dutse ko tudun ƙasa har sifirin ɗin wannan gefe ya matse, a murɗe sitiyari har ƙarshe, sannan ya durƙusa ya zura hannu tsakanin taya da ƙarfe ya ji ko yatsunsa za su wuce. Yakan duba tiyon birki na ɗaya gefen da ya saki, ya ga ko ya miƙe tsam kamar tsirkiyar baka, ya duba shokozoba ko ta kai ƙarshen tsawonta. A tsohuwar mota ma ba ya bukatar gwaji, domin shaida tana rubuce: wuri guda a jikin ƙarfen da duk sauran jikinsa jan ƙura ne, shi kuwa ya yi sumul yana ƙyalli, da layi mai kama da shi a kafaɗar taya inda roba ta cinye.

Wannan bayani ya isa a koma ga tambayar farko. Aristotal, a littafinsa na ɗabi'a, ya bambanta tsakiyar abu a kan kansa da tsakiyarsa dangane da mai amfani da shi, kuma ya kawo misali da abinci: abin da ya yi wa Milo, shahararren ɗan kokawar Girka, kaɗan, ya yi wa sabon shiga yawa, don haka mai horarwa ba ya raba bambancin gida biyu ya ba kowa rabi. Misalin ba baƙo ba ne a jihar Tawa, wadda aka fara gasar kokawa ta ƙasar Nijar a babban birninta a 1975. Ibn Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya shigo da wannan tunani cikin ilimin tarbiyyar Musulmi, Imam Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya shimfiɗa shi a cikin littafinsa Ihya'u, inda ya ajiye jarumta tsakanin ganganci da ragwantaka, kyauta tsakanin almubazzaranci da rowa, ya kuma kwatanta mai tarbiyya da likita wanda ba ya ba marasa lafiya duka magani ɗaya da awo ɗaya. Malaman luga sun fassara zalunci da ajiye abu a inda ba muhallinsa ba, adalci kuma kishiyarsa, fassarar da ta mayar da mas'alar ta dacewa tsakanin abu da wurinsa. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa daidai ruwa daidai tsaki, maganar da ba ta faɗi yawan ruwa ko yawan tsaki ba, ta faɗi dangantakarsu kawai. A ƙasar Aisland, inda ake tuƙi a kan dusar ƙanƙara, ana sa wa irin waɗannan motoci tayoyi masu inci 38 har 44, ana yanke bodi a faɗaɗa musu wuri don kada a ɗaga motar fiye da kima, kuma wannan girma da zai zama hauka a gangaren Adar shi ne daidai a can. A Adar ɗin ma daidai ba guda ba ne, tun da yashin korama yana son taya mai sassaucin iska da za ta shimfiɗu ta yi iyo, duwatsun gangara kuwa suna yanka gefen tayar da aka rage wa iska, suna fifita siririya mai kaurin gefe irin 7.50R16 da aka daɗe ana sa wa Land Cruiser.

A nan ne mai suka zai ce an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba, domin idan awo ya dogara da hali, mai motar da ya ƙara fallaye huɗu ya ɗora abin da ya ninka ƙa'ida zai ce halinsa ne ya sa, kuma babu mai hujjar musa masa. Amsar ita ce dogaro da hali daban, dogaro da son rai daban. Abubuwan da awon ya rataya a kansu, wato nauyin kaya da faɗin ƙafafu da ƙarfin birki da karkatar gangara, duk suna wajen zuciyar mai mota, ba sa sauyawa don ya so su sauya, kuma idan aka san su amsar takan kasance ƙuntatacciya ƙwarai, ta fi ta mai raba tazara gida biyu ƙunci. Gazali da kansa ya yarda cewa ainihin tsakiyar tana da wuyar ganowa, har ya danganta ta da siraɗi. Akwai kuma jarabar da ke kama mai wa'azi idan ya ji cewa ɗaga jiki ba ya ɗaga tulu, ya ce ga misalin mai girman kai wanda ya tashi a idon mutane alhali ƙasansa yana jan ƙasa. Kwatancin yana da daɗin ji, sai dai yana karkatar da hankali daga abin da ya fi muhimmanci, domin motar da cibiyarta ta yi sama tana kifewa da mai tawali'u kamar yadda take kifewa da mai alfahari.

Ba za a fake da awon kamfani ba a ce shi ne iyakar da ba a taɓawa. Lambobin da ke manne a jikin ƙofar direba, na girman taya da yawan iska da nauyin kaya, ijtihadi ne na mutane da suka ƙiyasta wata irin hanya da wani irin kaya, kuma ijtihadi yana kuskure. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan da aka yi ta samun saɓulewar bayan taya da kifewar motocin Ford Explorer, kuma cikin abin da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai akwai yawan iska, kamfanin mota yana cewa 26, na taya yana fifita 30. Tun kafin nan an ga matsalar a ƙasashe masu zafi kamar Saudiyya. Duk da haka awon kamfani shaida ce ta wanda ya gwada, kuma an ɗaure sassan mota da juna a kansa, birki da giya da sitiyari da agogon gudu duk sun ɗauka tayar da aka rubuta ce a ƙasa. Wanda ya sauya lamba ɗaya ya warware wannan ɗauri, kuma nauyin sake ɗaure shi ya koma wuyansa ko ya sani ko bai sani ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantawa a zaurukan malaman Adar kamar sauran ƙasar Hausa, yana da abin cewa a kan wannan nauyi, ko da yake ƙiyasta mota da dabba aikin masu fatawa ne. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta game da abin da ta taka, ta kuma ɗora lamuni a kan masu sana'a game da kayan mutane da aka bar musu. Littattafan mazhabar sun yi bayanin wanda ya yi hayar dabba ya ɗora mata fiye da abin da aka yi sharaɗi har ta halaka, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurinsu cewa ganganci da kuskure ɗaya suke wajen biyan dukiyar mutane. Wannan ƙa'ida ta raba abu biyu da jama'a kan cakuɗa: zunubi yana bin niyya, lamuni kuwa yana bin aiki. Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya ƙara da cewa ana duba makomar aiki kafin a yanke masa hukunci, ta yadda abin da asalinsa halal ne zai iya hanuwa saboda abin da zai haifar. Ƙara falle a sifirin halal ne a kan kansa, babu mai cewa akasin haka. Amma matar da ta biya kuɗin mota ta hau kan buhu da goyo ba ta ga fallayen ba, ba ta san an bar tiyon birki a tsohon tsawonsa ba, ba ta karanta lambobi huɗun da ke gefen taya masu faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta ba. Ta miƙa wuya ne ga ilimin mutum uku, mai mota da direba da bakanike, kuma wannan shi ne ainihin ma'anar amana.

Hujjar larura tana da ƙarfi a nan, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Motoci kaɗan ne, kasuwa sau ɗaya take ci a mako, albasa ba ta jira, sabuwar taya kuma ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan masu akori-kura, shi ya sa ake sayen kwance, wadda ta gama aiki a wata ƙasa. Dokar da ƙasashen ƙungiyar UEMOA ta Afirka ta Yamma suka amince da ita a 2005 kan nauyin da kowane aksul zai ɗauka ta shafi manyan motocin dakon kaya ne a manyan hanyoyi, ba ta gangaro kan burjin Allakaye ba. Sai dai malaman da suka ce larura tana halatta abin da aka hana su ne suka ce ana auna ta da gwargwadonta, wato ita ma larurar awo gare ta. Larura na iya tilasta sayen tsohuwar taya, amma da wuya ta tilasta haɗa masu tsayi daban-daban a mota guda, abin da ake yawan gani kuma illarsa ta fi yadda ake zato. A waɗannan motoci, idan aka haɗa ƙafafu huɗu, gaba da baya suna ɗaure da juna dole su juya da gudu ɗaya. Idan tayar gaba ta fi ta baya tsayi, kowace tana neman cin tazarar da ɗayar ba ta ci ba, a yashi bambancin yakan zame ya ɓace, a kan faƙo kuwa yakan taru cikin ƙarfe har wani haƙori ko sanda ya karye, sau da yawa a tsakiyar hawa.

Idan mota ta kife a gangara, kalmar da ake fara ji a wurin gaisuwa ita ce ƙaddara, kuma a matsayin ta'aziyya babu wadda ta fi ta. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauko kalmar daga bayan aukuwa aka kawo ta gaba, aka mai da ita dalilin barin awo. Abin lura shi ne kalmar kanta daga tushen awo ta fito: a Larabci ƙadar da taƙdiri da miƙdari 'yan gida ɗaya ne, dukansu suna komawa ga auna abu da sa masa gwargwado, Hausa ma ta riƙe wannan ma'ana, tun da mai lissafi yakan ce a ƙaddara kaza yana nufin a ƙiyasta. Alƙur'ani ya siffanta halitta da cewa a kan awo aka yi ta, a Suratul Ƙamar da Suratul Furƙan, kuma a farkon Suratur Rahman an ambaci mizani a ayoyi uku a jere, ana haɗa tsarin sama da sikelin ɗan kasuwa. Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma littattafansa na tauhidi suka zama abin karatu a Afirka ta Yamma, ya raba hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, ya bayyana na al'ada da cewa alaƙa ce tsakanin abu da abu da aka sani ta hanyar maimaituwa, wadda Allah yake gudanarwa kuma yana da ikon saɓa ta, ba tare da ɗayan abubuwan yana da tasiri da kansa ba. Ta wannan fahimta, doguwar mota ba ita ke halittar kifewarta ba, amma al'adar da Allah ya gudanar ita ce mai tsayin cibiya ta riga mai gajeriyar cibiya faɗuwa, kuma wanda ya loda mota yana fatan a saɓa masa al'ada karama yake nema, abin da malaman wannan aƙida ba su taɓa cewa a gina sana'a a kansa ba, balle sana'ar da rayukan wasu ke ciki.

Akwai kuma wani ɓangare na nauyin da ba ya kan mutum ukun nan, mai mota da direba da bakanike. Ɗaga mota amsa ce ta mutum ɗaya ga matsalar jama'a, domin da an cike ramuka an zuba kankare a mashigar korama, da yawancin fallayen nan ba a ƙara su ba. Doron da ke tsakiyar hanya shi ya fara sauya awo kafin bakanike ya taɓa sifana. Gyaran hanya ma ba ya kawar da mas'alar, yana sauya mata wuri ne, tun da motar da aka daidaita don tafiyar kilomita 20 a sa'a tsakanin duwatsu ita ce dai ke isowa Madawa ta hau babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta biyo ta Ƙonni ta nufi Maraɗi, inda gudu ke ninka abin da tsayi ya rage na juriya. A can agogon gudu, wanda direbobi ke kira maleji, yana ci gaba da ƙirga juyin tsohuwar taya, don haka a motar da aka kai daga 265 zuwa 315 idan allura ta nuna 90 ainihin gudun ya kai wajen 98. Iskar da aka rage a bakin korama don yashi tana nan a rage, kuma taya mai ƙarancin iska da nauyin kaya tana ɗaukar zafi da sauri a kan kwalta a watan Afrilu. Akwai masu faci a bakin tasha da injin busa iska, tsayuwar kuma ba ta wuce minti goma ba; wasu direbobin sukan tsaya, wasu kuwa sukan wuce, domin fasinjojin da ke kan buhuna sun riga sun fara bugun rufin mota suna cewa kasuwa za ta watse.